Hoto a Matsayin Hujjar Bincike: Hanyoyin Nazarinsa da Darasi daga Hotunan Hawan Sallar Kano

Tsakure

Hoto ya mamaye rayuwar Bahaushe a yau, tun daga fastocin finafinai da na 'yan takara har zuwa abin da ake ta turawa ta WhatsApp safe da yamma. Duk da haka, sau da yawa a kundayen bincikenmu hoto ba ya wuce rataye a ƙarshen aiki, inda ake jera shi don mai duba aikin ya tabbata ɗalibi ya je fili. Wannan maƙala ta duba yadda bincike bi-bayani, wato binciken da ke neman ma'ana da dalili maimakon adadi, zai ɗauki hoto a matsayin bayanin da ake tankaɗewa a rairaye kamar yadda ake yi wa hira ko rubutacciyar takarda. An waiwayi manyan ayyukan da suka share fagen, aka ɗora nazarin a kan tsarin Gillian Rose, sannan aka gwada shi a kan hotunan hawan sallar Kano da wasu hotuna da suka bazu a kafofin sada zumunta a 2014 da 2018. Matsayar maƙalar ita ce, hoto ba ya zama hujja sai an san asalinsa, an bi sawun yawonsa, an kuma saurari mutanen da abin ya shafa. An rufe da matakan aiki da batun ɗa'ar bincike.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Maganar tana da gurbinta a kasuwa da gaban alƙali, amma mai binciken da ya ɗora ta a kan hoto ba tare da taka-tsantsan ba zai yi tuntuɓe. Kafin hoto ya iso gabanmu ya bi ta hannuwa da dama. Wani ne ya zaɓi inda zai tsaya da lokacin da zai danna kyamara, ya kuma zaɓi abin da zai bari a waje. Wani ya ɗauko wannan hoton daga cikin tarin 'yan'uwansa ya buga. Wani kuma ya rubuta masa bayani a ƙasa. Kowannensu ya sa hannu a cikin ma'anar da mai kallo zai ɗauka.

Kurakurai uku ne suka fi yawa idan an zo amfani da hoto a bincike. Na farko shi ne mayar da shi ado: a gama nazari kaf da kalmomi, sannan a manna hotuna ba tare da an ce komai a kansu ba. Na biyu shi ne ɗaukarsa a matsayin shaidar da ba ta bukatar tambaya, a ce ga hoto nan ya nuna, shi ke nan. Na uku ya fi sauran ɓoyuwa, domin yana zuwa ne cikin rigar ilimi: a ɗauko ma'aunin da aka gina a kan tallace-tallacen Turai da Amurka a auna hoton Kano ko na Damagaram da shi, ba tare da an tambayi ko ma'aunin ya dace ba.

Maƙalar ta sa tambayoyi uku a gaba. Ta wace hanya hoto ke zama bayanin bincike? Me ra'o'in nazarin hoto ke iya gani a hoton ƙasar Hausa, me kuma ke kuɓuce musu? Wane haƙƙi ke kan mai bincike game da mutanen da ke cikin hoton?

2.0 Waiwaye a kan Ayyukan da Suka Gabata

Aikin da aka fi ambata a matsayin mafari shi ne na Gregory Bateson da Margaret Mead, waɗanda suka ɗauki hotuna kimanin 25,000 a tsibirin Bali na ƙasar Indunusiya tsakanin 1936 da 1939. A 1942 suka buga 759 daga ciki, an jera su rukuni-rukuni don nuna yadda ake reno da cin abinci da rawa. Darasin da suka bari shi ne, ɗabi'ar al'umma tana fitowa ne idan aka jera hotuna da yawa aka kwatanta, hoto guda ba ya wadatarwa.

A 1957 John Collier ya ba da rahoton wani gwaji da ya yi a gabashin Kanada. Ya yi hira da wasu iyalai yana nuna musu hotunan yankinsu, ya yi da wasu ba hoto. Hirar da aka yi da hoto ta fi tsawo, ta fi tsayawa a kan batu, kuma masu amsawa ba su gaji da wuri ba. Daga nan aka samu dabarar hira bisa hoto, wadda ya faɗaɗa a littafinsa na 1967, Douglas Harper kuma ya sake farfaɗo da ita a 2002.

Ta ɓangaren karanta abin da ke cikin hoton kansa, Erwin Panofsky ya kawo matakai uku a 1939: a fara da bayyana abin da ido ya gani, a gano abin da alamomin ke nufi a al'adar masu su, sannan a nemi tunanin zamanin da ya haifi hoton. Roland Barthes ya raba ma'anar zahiri da ma'anar da al'ada ke ɗorawa. A 1957 ya nazarci bangon mujallar Paris Match mai ɗauke da wani matashi baƙar fata cikin kayan sojan Faransa yana sarawa, ya nuna yadda hoton ke wanke mulkin mallaka ba tare da furta kalma ɗaya ba. A 1964 kuma ya yi bayanin yadda rubutun da ke ƙarƙashin hoto ke ɗaure ma'anarsa wuri guda. Gunther Kress da Theo van Leeuwen sun fitar da abin da suka kira nahawun hoto a 1996, inda suka ba kusurwar kyamara da kallon ido da matsayin abu a dama ko hagu ma'anoni.

Akwai kuma masu haɗa ƙidaya da fassara. Catherine Lutz da Jane Collins sun tantance hotuna kusan 600 da mujallar National Geographic ta buga tsakanin 1950 da 1986. A littafinsu na 1993 sun nuna mujallar ta fi son nuna mutanen da ba Turawa ba cikin kayan biki da murmushi, ba kasafai take nuna su cikin rikici ko yunwa ba. Ba su tsaya a ƙidaya ba, sai da suka yi hira da editocin mujallar da masu karanta ta. Caroline Wang da Mary Ann Burris kuwa kyamarar suka miƙa wa matan karkara a lardin Yunan na ƙasar Sin a farkon shekarun 1990, matan suka ɗauki rayuwarsu da kansu, suka tattauna hotunan, aka kai wa hukumomi. Wannan dabara, wadda za a iya kira muryar hoto, sun tsara ta a rubuce a 1997.

A ƙasar Hausa ma an yi aiki. Brian Larkin, a littafinsa na 2008, ya bi tarihin majigi da silima a Kano, ya kuma tattauna yadda William Sellers, wanda ya jagoranci sashen finafinan mulkin mallaka na Ingila daga 1939, ya gina aikinsa a kan zaton cewa ɗan Afirka bai iya kallon hoto ba sai an sassauta masa. Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan finafinan Hausa da tasirin finafinan Indiya a kansu. Matthias Krings ya nazarci fastoci da sitikokin Usama bin Ladan da suka cika kasuwannin Arewa bayan 2001, inda siyasa da kasuwanci suka cakuɗe a hoto guda. Giɓin da ya rage shi ne na hanya: ɗalibin da ke riƙe da tarin hotuna yana bukatar a nuna masa daga ina zai fara.

3.0 Ra'in Bincike

An ɗora wannan nazari a kan tsarin Gillian Rose. A bugun farko na littafinta a 2001 ta ce ma'anar hoto tana samuwa a wurare uku: wurin da aka samar da shi, jikin hoton kansa, da wurin masu kallo. A bugun 2016 ta ƙara na huɗu, wato yawon da hoton ke yi daga hannu zuwa hannu. A kowane wuri ana tambaya a kan kayan aikin da aka yi amfani da su, da yadda aka tsara hoton, da yanayin zamantakewar da ke kewaye da shi. An zaɓi wannan tsari ne domin ba ya yanke wa alama ma'ana tun daga nesa. Yana tilasta wa mai bincike ya tashi ya je ya tambaya.

4.0 Hotunan Hawan Sallar Kano

Hawan sallah yana cikin abubuwan da aka fi ɗauka hoto a Arewacin Nijeriya. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada, abin da zai ƙara yawan masu kyamara a kansa. Kowa a nan ya san irin hoton: mahaya cikin rawuna da alkyabbu, dawaki sun sha kwalliya, dogarai cikin ja da kore, 'yan lifidi da 'yan sulke, sarki a ƙarƙashin laima. Sanin da muka yi masa ne ya sa ya dace da gwaji.

4.1 Jikin Hoton

A ɗauki hoton jafi a Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe. Idan aka bi matakin farko na Panofsky, ga abin da za a rubuta: mahaya a jere sun ja linzami, ƙafafun dawakin na gaba sun kafe a ƙasa, ƙura ta tashi, kowane mahayi ya ɗaga hannun dama a dunƙule ko riƙe da mashi, suna fuskantar wani mutum guda a kan doki wanda bakinsa ke rufe da ƙyalle. Iyakar abin da ido ya gani ke nan, kuma wajibi ne a rubuta shi haka kafin a ce komai.

A mataki na biyu ne hanya ke rabuwa. Wanda ya tashi da hoton Tommie Smith da John Carlos suna ɗaga dunƙulallen hannu a gasar Olamfik ta Meziko a 1968 zai karanta wannan hannu a matsayin bore. Makamai da rufaffiyar fuska kuma, a idon wanda labarin rikici kaɗai ya sani game da Arewa, barazana ce. Bakano kuwa jinjina ya gani, wato gaisuwa da mubaya'a, kuma ya san sarki zai mayar da tasa. Ƙyallen da ya rufe baki amawali ne, alamar martaba da kame kai. Rawani mai kunnuwa biyu yana shaida dangantakar mai shi da gidan sarauta, ba kowa ke ɗaura shi ba. Tagwayen masu da takalmin gashin jimina da laima su ke ware sarki daga cikin dubban mahaya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan ma'anoni da ke rubuce a jikin hoton. Suna wurin mutanen da suka san fada.

Haka abin yake da nahawun Kress da van Leeuwen. A wurinsu, wanda aka ɗauka daga ƙasa ana kallonsa sama an ba shi iko, wanda aka ɗauka daga sama an ƙasƙantar da shi. Amma duk mai kyamarar da ke tsaye a ƙasa dole ya ɗaga kai ya kalli mahayi, ko hakimi ne ko yaron hakimi. Wanda aka ba kujera a rumfar manyan baƙi kuma daga sama zai ɗauki kowa, har da sarki. A ranar hawa dogarai da 'yan sanda ne ke yanke inda mai hoto zai tsaya. Kusurwar hoton ke nan tana iya ba da labarin izinin da aka ba mai ɗauka fiye da ra'ayinsa game da wanda ya ɗauka.

Kress da van Leeuwen sun kuma ce abin da ke hagun hoto shi ne sananne, na dama shi ne sabo, kuma su da kansu sun danganta hakan da al'adar rubutu daga hagu zuwa dama. Yaron da ya fara da makarantar allo daga dama ya fara karatu, daga baya boko ya koya masa farawa daga hagu. Ga shi kuma dama tana da daraja ta musamman wajen ci da gaisuwa da zama a majalisa. Saboda haka mai nazarin fastar fim ko ta ɗan takara ba shi da hurumin ya ce na hagu tsohon labari ne, sai ya tambayi mai tsara fastar da masu kallonta.

Misali na kusa da wannan shi ne hoton amarya. Erving Goffman, a nazarinsa na tallace-tallace kimanin 500 da ya fito a littafi a 1979, ya lissafa sunkuyar da kai da kawar da ido cikin alamomin da ake nuna mace a ƙarƙashin namiji. Amaryar Bahaushe ma takan sunkuyar da kai a hoto, kuma sunan abin a wurinmu kunya. Ko kunyar nan tarbiyya ce, ko matsin al'ada, ko wasan da amaryar ta san na ranar biki ne kawai, tambaya ce ta bincike, kuma matan da ke cikin hotunan su suka fi cancanta su fara amsa ta.

4.2 Wurin da Aka Samar da Hoton

Hotunan hawa ba iri ɗaya ba ne ko da sun yi kama. Kano tana danganta hawan sallah da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Amma akwai hawan da Turawan mulki suka shirya don baƙinsu, kamar wanda aka yi wa Yariman Wales a Kano a 1925 da wanda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. Andrew Apter ya nuna a 2002 cewa irin wannan taro samfurinsa daga Indiya Turawa suka kawo shi, suka ɗora a kan al'adar dawakin da suka tarar. Gwamnatin Nijeriya ta sake shirya irinsa a Kaduna lokacin bikin FESTAC na 1977. A hawan sallah talakawa da hakimai ne ke gaida sarkinsu. A hawan 1956 sarakunan ne aka jera suna wucewa ta gaban wata mai sarauta daga ƙetare. Mai binciken da ya zuba hotunan nan a kwando ɗaya ya kira su al'adar gargajiya ya shafe tarihin siyasa na rabin ƙarni.

Bayan sanin wanda ya shirya taron, tambaya ta biyu a nan ita ce, me aka bari a waje? Hoton kalanda da na talla ga masu yawon buɗe ido yakan yanke zagagen da ke tafe a ƙasa gaban doki, da barorin da suka kwana suna shirya dawakin, da dukawa da maɗinkan da suka yi kayan, da matan da ke kallo daga kan soraye da bakin zaure, da motocin jami'an tsaro. Yakan yanke turakun lantarki da allunan talla don Kano ta yi kama da garin da zamani bai taɓa ba. Wannan ya yi daidai da abin da Lutz da Collins suka gano. Yawan maimaita yankewa iri ɗaya a tarin hotuna shi kansa sakamakon bincike ne.

4.3 Wurin Masu Kallo

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Idan aka ajiye hoton hawan Nassarawa a gaban tsohon bafade, zai iya faɗin wane hakimi ne ya wuce, wa ya kamata ya biyo bayansa, kuma ko an saɓa jeri a wannan shekarar. Badukun da ya ɗinka kayan dokin zai kalli aiki da tsadarsa. Matar aure za ta iya ba da labarin inda mata ke tsayawa da wanda ke ba su izinin fita. Mazaunin Sabon Gari, wanda ayarin ke ratsa unguwarsa a wannan rana, yana da nasa karatun. Matashin da ya ɗauka da wayarsa ya sa a TikTok yana da nasa. Bambancin da ke tsakanin waɗannan karatu shi ne bayanin da bincike bi-bayani ke nema. Hoton kuma yana sauƙaƙa hirar: dattijon da zai ji nauyin a titsiye shi da tambayoyi yakan saki jiki idan shi ne ke koya wa mai binciken abin da ke cikin hoto.

5.0 Yawon Hoto

Wuri na huɗu shi ya fi haɗari a wannan zamani. Bayan sace ɗalibai 276 a Chibok a daren 14 ga Afrilu 2014, hotunan wasu 'yan mata sun zagaya duniya tare da kiran a dawo da su. Daga baya mai hoton, Ba'amurkiya Ami Vitale, ta fito ta bayyana cewa a ƙasar Gini-Bisau ta ɗauke su, kuma ba su da wata alaƙa da Chibok. An yi amfani da fuskokinsu ba da saninsu ba, da kyakkyawar niyya ma, amma an jingina musu labarin da ba nasu ba. A watan Yuni na 2018 kuma, lokacin rikicin jihar Filato, an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook. Binciken da BBC ta fitar a wannan shekara ya gano cewa wani bidiyo daga ciki a Kongo Barazabil aka ɗauke shi tun 2012, kuma 'yan sandan jihar sun ce hotunan sun taimaka wajen rura wutar ramuwar gayya.

Darasi biyu ke nan ga mai bincike. Na farko, tantance asali wajibi ne. Akwai manhajojin neman asalin hoto irin su TinEye da na Google, ana kuma duba lambar mota da rubutun allunan shaguna da tsarin gini da yanayin damina ko rani. A sani cewa hoton da ya bi ta WhatsApp ko Facebook yakan rasa bayanan da kyamara ke liƙa masa na rana da na'ura, don haka a nemi na asali wurin mai shi. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke haɗa hoton abin da bai taɓa faruwa ba, wannan mataki ya ƙara nauyi. Na biyu, hoton bogi ma bayani ne idan tambayar binciken ta shafi jita-jita ko ƙiyayya. A nan abin nazarin shi ne wa ya tura, da wane rubutu, a wane harshe, kuma me ya sa aka yarda da shi.

6.0 Matakan Aiki

Daga abin da ya gabata, maƙalar tana ba da shawarar matakai shida. Na farko, a iyakance tarin hotunan da dalili: na wace shekara zuwa wace shekara, daga wace jarida ko taska ko shafi, kuma me ya sa. Tsintar hotunan da suka goyi bayan ra'ayin mai bincike kaɗai ba bincike ba ne. Na biyu, a yi wa kowane hoto katin shaida mai ɗauke da sunan mai ɗauka, da rana, da wuri, da inda aka samo shi, da rubutun da ya zo da shi. Abin da ba a samu ba a rubuta cewa ba a samu ba. Na uku, a rubuta bayanin zahiri ba tare da fassara ba, kuma ya fi kyau mutum biyu su yi daban-daban sannan su kwatanta. Na huɗu, a rarraba abubuwan da ke maimaituwa zuwa jigogi. Manhajoji irin su NVivo da ATLAS.ti suna ba da damar a zagaye wani sashe na hoto a sa masa alama, amma takarda da fensir ma suna yi idan hotunan ba su da yawa. Na biyar, a kai hotunan wurin mutane mabambanta, maza da mata, manya da yara, 'yan gari da baƙi, a naɗi abin da suka ce da harshensu. Na shida, a gwada sakamakon da sauran hujjoji, wato hira da takardun tarihi da abin da aka gani da ido, a kuma nemi hoton da ya saɓa wa fassarar da gangan. Wajen rubuta rahoto, a sa hoton kusa da maganar da ake yi a kansa, domin mai karatu ya iya yarda ko ya yi musu.

7.0 Ɗa'ar Bincike

Ana iya sauya wa wanda aka yi hira da shi suna, amma fuska ba ta sauyuwa. Ko an dusashe fuskar, a ƙauye ko unguwa za a gane mace da zanenta da ƙofar ɗakinta da ɗan da ke bayanta. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta shafi duk bayanin da za a iya gane mutum da shi, kuma hoto yana ciki. Sai dai haƙƙin ya wuce na doka. Kano ba ta manta da abin da ya faru a 2007 ba, lokacin da wani bidiyo na sirri ya bazu ta wayoyin salula, ya rusa rayuwar wadda ke ciki, ya kuma jawo wa masana'antar fim takunkumi.

Izini a ƙasar Hausa hawa-hawa ne. Amincewar mai unguwa ko maigida tana buɗe ƙofa, amma ba ta maye gurbin amincewar matar da za a ɗauka. Amincewar malamin tsangaya ba ta ɗauke bukatar a tambayi almajirin kansa. Izinin ɗauka daban, izinin nunawa a taro daban, izinin sawa a intanet daban, kuma a bayyana wa mutum da Hausar da zai fahimta cewa abin da ya shiga intanet ba ya dawowa. Akwai kuma waɗanda ba sa son hoto saboda fahimtarsu ta addini, batun da malamai suka yi saɓani a kansa. A girmama su, a nemi wata hanya. Mai hoto Glenna Gordon ta nuna hakan mai yiwuwa ne a 2014, lokacin da ta ɗauki kayan makaranta da tufafi da littattafan 'yan matan Chibok, ta ba da labarinsu ba tare da aron fuskar kowa ba.

A ƙarshe, mai bincike ya tambayi kansa wane hoto yake ƙarawa a duniya. Almajiri da robar bara da ɗan gudun hijira a layin abinci an ɗauke su har an gaji. Dabarar muryar hoto tana ba su damar nuna allo da tawada da sana'a da abokai, abubuwan da baƙo mai sauri ba ya tsayawa ya gani.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa hoto bayani ne mai daraja, amma ba ya fassara kansa. Jinjinar mahayi da amawalin sarki da sunkuyon amarya sun tabbatar da cewa ra'in da aka aro yana taimakawa wajen tsara tambaya, amsar kuwa tana wurin masu al'adar. Hawan 1956 ya nuna muhimmancin sanin wanda ya shirya abin da aka ɗauka, hotunan 2014 da 2018 kuma sun nuna abin da ke faruwa idan hoto ya rabu da asalinsa.

Saboda haka ana kira ga sassan Hausa da tarihi da aikin jarida da nazarin zamantakewa a jami'o'inmu su sa nazarin hoto cikin darasin dabarun bincike, kwamitocin ɗa'a kuma su tanadi takardar izinin hoto da Hausa, a boko da ajami. Ana kira ga Gidan Arewa da Taskar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna da Gidan Makama na Kano su ƙara himma wajen mayar da hotunansu cikin kwamfuta tare da cikakken bayanin kowanne. Aikin da ya fi gaggawa shi ne na tsofaffin masu hoto na garuruwanmu da akwatunan hotunan da ke gidajen iyalai. Dattawan da za su iya cewa wannan wane ne, a shekara kaza, suna ƙarewa. Ya kamata mu kai musu hotunan nan tun suna raye.